Wa zai ba dashen ruwa a watan Maris?

Assalamu alaikum Malam Edita.

Shirinku na daren Talata ya ɓata mini rai, shi ya sa na ɗauki biro. Baƙonku ya yi ta lissafa dubban itatuwan da manyan makarantu suka yi alkawarin dasawa saboda sauyin yanayi, mai gabatarwa kuma sai madalla yake ta cewa. Har aka yi sallama babu wanda ya tambaye shi na bara guda nawa suka rayu.

Shekara 17 na yi ina aikin lambu a wata kwalejin ilimi kafin in yi ritaya. Duk ranar 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya, za a kafa rumfa, a kawo dashe cike da mota, shugaban makaranta ya sa guda ɗaya a rami, a miƙa masa sabuwar buta, a ɗauki hoto, a watse. Ga shi a nan wajenmu farkon Yuni damina ba ta gama zama ba. Washegari sai a bar mu mu huɗu da dashe ɗaruruwa, ba keji, ba tiyo, famfon ma sai an tada janareta yake kawo ruwa. Da idona na ga ɗalibai sun binne dashe da ledarsa don ba wanda ya nuna musu. Da muka tono, saiwar ta nannaɗe a ciki kamar gammo.

Dashe jariri ne, Malam. Sai an yi rani biyu ana ɗawainiya da shi kafin ya tsaya da ƙafarsa, in ba haka ba akuya da gara su raba shi. Akwai maɗaci bakwai a bayan ɗakin kwanan ɗalibai mata da na ɗauka a kaina. Ƙayar bagaruwa na saro na kewaye su, na barbaɗa toka a gindi, kullum da asuba jarka biyu a bayan keke tun daga Nuwamba har Mayu. Biyar suka tsaya, yau a inuwarsu yara ke bitar jarrabawa. Amma ranar da na roƙi a saya mana tiyo da wayar shinge, babu kuɗi aka ce, alhali na rumfa da lemon yini ɗaya ya ishe mu. Wallahi na koma gida ko abinci ban iya ci ba.

Ba alkawarin nake ƙi ba. Najeriya kanta ta yi nata a taron duniya kan sauyin yanayi na Glasgow a 2021, cewa zuwa 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda ake tsotsewa ba. Kuma inda aka yi aiki ana gani: tashar hasken rana mai megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero a 2019 abu ne da mutum zai je ya taɓa da hannu. Manoman Maradi kuwa tun shekarun 1980 suke renon tohon kututture a gonakinsu, gawo ya dawo ba tare da rumfa ko jawabi ba. Me zai hana makarantunmu su koya daga gare su?

Don Allah in watan Maris ya kama, rana ta take, ku tura wakilinku ya bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya ya ƙirga. Ku kuma gayyaci mai ban ruwa ya zauna kusa da farfesa.

Sannan tallan maganin gargajiyar nan da kuke sakawa sau uku a tsakiyar shiri ya yi yawa. Ina kan layi kati na ƙonewa, tallan na ƙarewa aka ce lokaci ya cika.

Wassalam.

Mai sauraronku,
tsohon ma'aikacin lambu, daga Jihar Katsina