A riƙa auna ruwa kafin a zuba wa kifi magani

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni fili in yi kira ga masu ajiye jan kifin nan na ado a kwami. Da kifi ya fara ciwo sai a ruga a siyo magani a antaya, alhali sau da yawa ruwan ne ya lalace, wallahi abin na damuna. In kifin ya taso sama da asuba yana haki, iska ce ta yi ƙaranci. Kashinsa da ragowar abinci kuma su ke kawo amoniya, wata guba a ruwa mai ƙona masa hanyar numfashi. A samu kayan gwaji a auna ta, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya tsaya 7 zuwa 8, a canza kwatan ruwan, banda ruwan famfo kai tsaye saboda kulorin, sinadarin da ake zuba masa don kashe ƙwayoyin cuta.

Naku, mai kiwon kifi a Kano