Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Ilimi Na Jihar Kano: A Auna Gangara Kafin A Biya Ɗan Kwangila

Assalamu alaikum, Mai girma Kwamishina. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu wasu malaman makaranta ne da injiniyoyin gini, kuma buƙatarmu ɗaya ce: kada ma'aikatarka ko hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ta sake biyan kuɗin ginin aji sai yaro mai keken guragu ya shiga shi da kansa, ya kuma iya amfani da banɗakinsa.

Doka ta riga ta yi magana. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya. Ta ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara 5 su gyara mashigarsu, wa'adin kuma ya cika tun Janairun 2024. Ta ce makarantun gwamnati su karɓi kowane yaro, a kuma samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da karatun irin waɗannan yara. Kano ma tana da tata dokar. Abin da ya rage shi ne aiki, aikin kuwa a ma'auni yake lalacewa.

Ranka ya daɗe, ana ɗaga daɓen aji saboda ruwan damina, wannan daidai ne. Amma ƙa'idar gangara, wato hanyar da keken guragu ke bi ya hau baranda a maimakon matakala, ita ce kowace santimita 1 ta tudu a ba ta santimita 12 ta tsawo. Idan baranda ta tashi santimita 45, gangararta mita 5.4 ce. Idan santimita 60 ce, sai mita 7.2. Abin da aka fi gani shi ne a zuba siminti na mita ɗaya da rabi ko biyu a gefen matakala, a ce an yi. Yaro ba zai hau wannan ba. In ya matsa, ƙafafun gaban keken su ɗaga ya kife ta baya, in kuma sauka ce keken ya ƙwace masa. Sai ka ga abokansa huɗu sun ciccibe shi kullum, ran da ba su zo ba ya yini a gindin bishiya. Ba mugunta ce ke sa magini yin haka ba. Takardar lissafin kayan aiki ce ta ce "gangara" kawai, ba tsawo ba faɗi, shi kuwa ɗan kwangila buhunan siminti yake ƙirgawa.

Don haka a rubuta komai a takardar kwangila. Faɗin gangara kada ya gaza mita 1.2. A yi mata ƙaramin dakali na santimita 10 a gefe don kada taya ta zame, da ƙarfen riƙewa a ɓangarorin biyu. A samanta a bar fili shimfiɗaɗɗe na aƙalla mita 1.5 don juyawa, a kuma ƙara a kan haka in da hali, domin keken ƙafa uku mai tuƙin hannu da yaranmu suka fi samu ya fi na asibiti tsawo. Kada a yi wa fuskarta shafe mai sulɓi. A ja mata tsintsiya tun simintin yana ɗanye. Gindinta kuma ya haɗu da daɓe, don in a kan yashi ta ƙare, damina ɗaya ta isa ta zaizaye shi ta bar sabuwar matakala. Ƙofar aji ta buɗe santimita 90 cif, kuma a bar ɗaga dokin ƙofa.

Banɗaki ne ya fi damun mu. A masan tsuguno, yaron da ke jan jiki sai ya dafa ƙasa mai jiƙe da tafin hannunsa kafin ya kai ramin, da hannun nan kuma zai ci abinci. Shi ya sa da yawa suke ƙin shan ruwa tun safe har a tashi, ko a zafin watan Afrilu. Yarinya kuwa, da ta fara al'ada, lissafin ya canza gaba ɗaya. Tana buƙatar wurin da za ta kulle, ta sauya ƙunzugu, ta wanke hannu. In babu, za ta zauna a gida kwanakin, wata bayan wata, har iyaye su ce karatun ya isa haka. A kowane jerin banɗaki, na maza da na mata, a ware ɗaki ɗaya mai faɗin kusan mita 2 kowane gefe, da mazauni mai tudun santimita 45, da bututun ƙarfe biyu da aka kafe cikin bango don dafawa, da famfo ko randa a ciki inda hannun mai zaune zai kai. Ƙofar ta riƙa buɗewa waje, saboda in yaro ya faɗi a bayanta a iya kai masa ɗauki. Kuma kada a sa masa kwaɗo a ajiye makulli a ofis.

Akwai gyaran da takardar umarni kaɗai yake buƙata. Zabiya da mai raunin gani su zauna a layin gaba, nesa da hasken taga, a buga masu jarrabawa da manyan haruffa, a bar zabiya ya sa hula da riga mai dogon hannu. Mai raunin ji ya zauna inda zai ga bakin malami. Ajin da ke da mai keke a sauko da shi ƙasa in ginin bene ne. Makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki ita kaɗai ba za ta ɗauke yaran ƙananan hukumomi 44 ba, alhali Jami'ar Bayero da Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo suna yaye malaman da za a iya rarrabawa.

Muna roƙon ka ba da umarni jami'in duba aiki ya je da tef ya rubuta ma'aunin da ya gani, a kuma gayyaci mai keke daga unguwar ya hau gangarar ya shiga banɗakin ba tare da an tura shi ba. Sai bayan nan a sa hannu a takardar kammala aiki. Inda aka kasa, a riƙe ragowar kuɗin har a fasa a sake.

Allah ya yi maka jagora. Wassalam.

Daga wasu malaman makaranta da injiniyoyin gini, Kano.