Rasuwar Fafaroma Francis: A Tuna da Ranar Masallacin Bangui

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na karanta rahotonku kan rasuwar Fafaroma Francis, wanda Allah ya yi wa cikawa ranar Litinin 21 ga Afrilun 2025, washegarin Ista, yana da shekara 88. Kun kawo labarin jinyar kwana 38 da ya yi a asibiti, kun kuma jero sunayen shugabannin da suka halarci jana'izarsa ranar 26 ga wata. Na gode ƙwarai. Sai dai ni ɗan ɗarikar Katolika ne, kuma akwai rana guda a rayuwar bawan Allahn nan da na so ƙwarai in gani a shafinku, ban gan ta ba.

Ranar 30 ga Nuwambar 2015 ce, a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Tun 2013 ƙasar take cikin yaƙi tsakanin 'yan tawayen Seleka, waɗanda galibinsu Musulmi ne, da mayaƙan Anti-balaka, waɗanda galibinsu Kirista ne, yaƙin da aka shafa wa fentin addini. Musulmin da suka rage a birnin duk an takure su a unguwar PK5, mutum bai isa ya fita kasuwa da tabbacin zai dawo gida ba. An ba Fafaroma shawarar ya fasa tafiyar saboda tsaro, ya ƙi. Ya shiga unguwar, ya isa babban masallacin Koudoukou, sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya na tsaye da bindigogi ta ko'ina. Ya tuɓe takalmansa, ya sunkuyar da kai, ya tsaya shiru. Da ya buɗe baki sai ya ce Kirista da Musulmi 'yan'uwan juna ne. Bayan an tashi, limamin masallacin ya hau buɗaɗɗiyar motar nan tasa, suka zaga tare jama'a na kallo. Duk wanda ya taɓa kwana da fargabar maƙwabcinsa saboda bambancin addini ya san nauyin wannan abu. Ni kam da na ga hoton, sai da na share hawaye.

Haka halinsa yake tun farko. Makonni biyu da zaɓensa a Maris 2013, ya je gidan yarin yara a birnin Rum ranar Alhamis mai Tsarki, ya wanke ƙafafun fursunoni goma sha biyu, har da wata yarinya Musulma. A 2016 ya dawo daga tsibirin Lesbos na ƙasar Girka da 'yan gudun hijirar Siriya 12 a jirginsa, dukkansu Musulmi. A Fabrairun 2019 shi da Shehin Azhar, Ahmad al-Tayyib, suka sa hannu kan takardar 'yan'uwantaka a Abu Dhabi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai bayan na Bangui shi ne na Afrilun 2019, lokacin da ya karɓi shugabannin Sudan ta Kudu a Vatican. Dattijo mai shekara 82, wanda aka cire wa wani yanki na huhu tun yana saurayi, ya durƙusa da ƙyar yana haki, ya sumbaci takalman Shugaba Salva Kiir da abokin hamayyarsa Riek Machar, yana roƙonsu su riƙe zaman lafiya. Sai da aka kama shi kafin ya iya miƙewa. Abin baƙin ciki, saura ƙasa da wata guda ya rasu aka yi wa Machar ɗaurin talala a Juba. Na sha tambayar kaina ko mutanen nan biyu suna tuna wanda ya taɓa kai goshinsa ga ƙafafunsu.

Ba zan ce duk abin da ya yi ya kwanta mana ba. Takardar nan ta Disambar 2023 kan sanya wa masu zaman jinsi ɗaya albarka ta ɗaga hankalin da yawa daga cikinmu, har bishof-bishof na Afirka suka ce ba za su yi aiki da ita ba. Mun yi jayayya da shi irin ta ɗa da uba, kuma ƙaunar ba ta ragu ba.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne ka sa a nemo hoton Fafaroma a cikin masallacin Koudoukou, a buga shi tare da cikakken labarin ranar. Yaranmu da yawa, na coci da na masallaci, ba su taɓa jin cewa hakan ya faru ba.

Allah ya jiƙansa, ya ba shi hutawa ta har abada.

Naka,
Wani mai karatu