Wasiƙa zuwa ga Uwani, a kan ƙugun takwarata

Makka, daren Laraba.

Uwani,

Bayan gaisuwa, ya jego, ya mai gidan, ya surukarki? Mu nan lafiya, sai zafi, sai gwiwar babanku.

Hajiya Balaraba ta dawo daga ziyara, ta ce ta biya ta wajenku a Madina. Ta tarar da takwarata an naɗe ta tam da zane kamar tsire a takarda, ƙafafu a miƙe a haɗe, irin naɗin nan da Larabawa ke kira mahad. Ta kuma ce takardar zuwa sikanin ƙugun jaririyar da likita ya ba ki ranar sallama tana nan cikin jaka, ba ki je ba. Daren nan ban rintsa ba.

Ke da kika tashi ɗaki ɗaya da 'yar'uwarki Hadiza, ke za a yi wa bayani? Kin manta wata 3 da ta yi cikin filasta daga ƙirji har idon sawu, ina ɗaukarta kamar itace? Kin manta yadda Goggo Ladi ke tafiya? Gocewar ƙashin ƙugun nan tana bin jini. Mijinki kuma ɗan wana ne, ba daga wani gida jinin yarinyar nan ya fito ba.

Likitan da ya yi wa Hadiza aiki ya zana min a takarda, har yau ina ganin zanen. Kan ƙashin cinya kamar tabarya yake a turmi. Wani jaririn turmin nasa ba zurfi, sai kan ya riƙa gocewa. Cikin yara 5 masu lalurar, kusan 4 mata ne. Ta fi kama 'yan fari, da wanda ya zauna a ciki bai juyo da kai ba, kuma ƙugun hagu ta fi so. To lissafa: mace, 'yar fari, a zaune ta zo har aka yi miki aiki, ga gado. Me ya rage? Sai kuma ku ƙara mata da ɗaure ƙafafu?

Kada ki ce min ai ba ta kuka. Ba ya ciwo, shi ne sharrinsa. Hadiza dariya take har ta fara tafiya tana ɗingishi. Ni na ce kambun baka ne, na yi shekara ina turare da rubutu. Kun sha faɗin wannan a bayan idona, na sani. Amma wa ya gaya min? Ba ni da takardar zama a lokacin, ƙofar asibiti ma tsoro take ba ni. Ke fa, mene ne uzurinki?

Murza ƙafafun da aka yi mata ranar haihuwa bai isa ba ga mai irin tarihinmu. Sikanin ana yin sa ne wajen sati 6, daidai arba'in, ke kuwa har kin wuce. Idan aka gano kafin wata 6, yawanci ɗan majanyi ne mai igiyoyi, Pavlik suke ce masa, yana riƙe cinyoyi a buɗe kamar kwaɗo na wasu makonni, ƙashin ya zauna. Idan aka makara, sai allurar barci da filasta, wani lokaci wuƙa.

Surukarki ba mugunta take ba, barci take nema wa jikarta. Ki ce mata cikin ladabi a naɗe hannuwa, a bar ƙafafun su wala. In nauyinta kike ji, ba ni ita a waya, ai tare muka yi tallan ƙosai. Kuma ki goya 'yarki, duk da matan can na kallo. Goyo ƙafa a buɗe yake sa ta.

Na yi miki faɗa, ki yi haƙuri, hannuna rawa yake. Na ba direban Alhaji yajin jego da zannuwan goyo 2. Ranar Lahadi ki je, ki gaya wa likita zancen Hadiza da Goggo, kada ki ɓoye. Ki turo min hoton takardar, Hadiza za ta karanta min.

Allah Ya raya min ita.

Innarki.