Jiƙon Tazargade da Zazzaɓin Cizon Sauro

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili in yi tsokaci kan wata ɗabi'a da ke yaɗuwa a unguwarmu tun da damina ta kankama, wato shan jiƙon tazargade a madadin maganin asibiti idan zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da mutum.

Masu yin haka suna da madogara. Daga wani dangin tazargade na ƙasar Sin ne masaniyar magunguna Tu Youyou da abokan aikinta suka tace sinadarin atimisinin a 1972, aikin da ya sa aka ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015, kuma sinadarin yana kashe ƙwayar cutar da gaggawa. Sai dai ba ya daɗewa a jiki. Da zarar ya shiga jini, hanta takan sauya masa siffa ta yadda zai narke a ruwa a fitar da shi, kuma cikin 'yan sa'o'i rabinsa ya tafi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, idan aka ci gaba da shansa kullum, hanta takan ƙara ƙaimi wajen farfasa shi, har abin da ke jini a rana ta biyar ya gaza na ranar farko nesa ba kusa ba.

Wannan ne ya sa a maganin asibiti ake haɗa atimita, wanda ake samarwa daga atimisinin, da wani magani mai suna lumefantirin a ƙwaya ɗaya, a sha sau 6 cikin kwana 3: na farkon ya rage cutar da sauri, na biyun ya zauna kwanaki yana share ragowar, musamman idan an sha da madara ko abinci mai maiƙo. Jiƙo ba shi da wannan mataimaki, ba kuma wanda ya san yawan sinadarin da ke cikin kofinsa.

Wani maƙwabcina tela ya yi kwana biyu yana shan jiƙon, jiki ya yi sanyi, ya koma kan kekensa yana yabon ganye. Bayan mako biyu da hannuna na riƙe shi zuwa asibiti yana karkarwa. Ƙwayoyin cutar da suka tsira daga irin wannan rabin magani su ne abin tsoro, domin an riga an ga masu jure wa atimisinin a Kambodiya, daga baya a Ruwanda da Yuganda. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta goyon bayan amfani da jiƙon ganyen.

Ina roƙon jaridarku ta gayyaci masanin harhaɗa magunguna ya yi wa masu karatu ƙarin bayani.

Naku,
Wani malamin makaranta, daga Zariya