Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Bunƙasa Kiwon Dabbobi kan maganin feshi da ciyawar kiwo

Mai girma Minista, Alhaji Idi Mukhtar Maiha, assalamu alaikum.

Tun da aka kafa ma'aikatarka a 2024 ake ta maganar makiyaya da burtali da gonakin ciyawa, amma ban ji an taɓo maganin feshi ba. Yau da wuya damina ta wuce manomi bai goya injin feshi ba. Iska na kwasar raɓar maganin ta yayyafa wa gamba da kyasuwar bakin gona. Ba su mutuwa, sai dai su tsumbure, sabon tofo ya fito rawaya-rawaya, shanu kuma su bi su cinye.

Ranka ya daɗe, maganin ciyawa idan ya yi kaɗan ba ko da yaushe yake zama ɓarna ba. A kudancin Ostireliya, masu tumaki da gangan suke fesa maganin ciyawa mai suna gilaifoset ɗan kaɗan daidai lokacin da ciyawa ta fara fitar da kai. Iri ba ya ƙosawa, zaƙi ya tsaya a jikinta, tumaki su fi rububinta. Wannan abin kwaɗayi ne a gare mu, domin gamba da zarar ta yi fure sai ta koma kara, furotin ɗinta ya faɗi ƙasa da kashi 7 cikin 100 da tumbin saniya ke buƙata. Shi ya sa kafin watan Maris ake ƙirga haƙarƙarin shanu daga nesa.

Tsorona shi ne a kwaso dabarar nan ido rufe. Kyasuwa da iri take dawowa duk shekara; wanda ya hana ta zubar da iri bana ya bar wa baɗi fili fetal. Maganin 2,4-D kuma, ko kaɗan ne, yana murɗe wake, wanda shi ne ke ƙara wa dabba ƙarfi da rani.

Roƙona, a ba cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, Zariya, kuɗi da umarni ta gwada wannan a kan ciyawarmu: wane adadi ne ke rage tsawo, wane ne ke gyara ganye, kwana nawa za a jira kafin a saki dabba, me ke shiga nono. Sakamakon kuma kada ya kwanta a kabad. A faɗe shi a rediyo da Hausa da Fulatanci, da awon da manomi ya sani, wato murfin kwalba nawa a injin lita 16.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani mai kiwo daga ƙasar Zazzau