Zuwa ga Ummi, kan maganar labarin nan

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa, duk muna lafiya. Ƙafar Babanki ta yi sauƙi, har ya koma zuwa masallaci da kansa. Takarda na rubuto miki maimakon in kira, domin na san halina, da na ji muryarki sai in haɗiye rabin abin da ke cikina.

Ranar sunan gidan Yaya Babba, Goggonki ta ja ni gefe ta miƙo mini wayarta. Wani labari ne da ake sakewa shafi-shafi a WhatsApp, a karanta goma kyauta, daga nan sai an biya. Sunan marubuciyar na aro ne, amma lambar da aka ce a tura shaidar biya taki ce, layin da na saya miki da hannuna kafin ki tafi Zariya. A tsaye nake, sai da na nemi kujera.

Kada ki ɗauka rubutun ne ya tayar mini da hankali. Wa ya koya miki son labari in ba ni ba? Lokacin da littattafan Kano suke tashe haya muke ɗaukowa, mu kwana a kansu da fitilar ƙwai, da safe a ruga a mayar kafin kuɗin ya ƙaru. Magana Jari Ce na kakanki yana nan a ƙasan adakata, bangon ya tafi, gefen takardun ya yi ja, kuma a cikinsa kika fara haɗa baƙi kina zaune a cinyata.

Lambar nan ce ta hana ni barci, Ummi. Lambarki tana yawo daga wannan rukuni zuwa wancan, a hannun mutanen da ba ki taɓa gani ba, maza da mata, na kirki da 'yan iska. Na kuma karanta shafi na tara. Ban iya ƙarasa shi a gaban Goggonki ba, na kife wayar. Littafin takarda yakan yage, gara takan ci shi, ko a 2007 an tara littattafai an cinna musu wuta a Kano. Abin da ya shiga waya wa zai ƙona shi? An ɗauki hotonsa, an tura, an ajiye. Ranar da dangin yaron nan suka fita bincike, mutum ɗaya ya isa ya haɗa lambar da sunan gidanmu. Ranar da kika haifi 'ya ta kai shekarun Auta, shafin yana nan yana jiranta. Wannan nake juyawa a raina har a kira assalatu.

Me muka rage ki da shi? In kuɗi ne, yaushe kika tambaya muka hana? Duk hutun nan kina ƙule a ɗaki kina danne-danne, na leƙo kika ce mini aikin makaranta ne, ni kuma na hana yara su dame ki, har abinci nake kai miki. Ƙaryar ta fi shafin ciwo.

Na san har gobe kina riƙe da ni kan littafin rubutun da na yaga kina aji uku. Jarrabawa ce a gabanki, Babanki kuma a lokacin kin san yadda yake, gara ya yage a hannuna da ya faɗa nasa. Abin da ban taɓa gaya miki ba shi ne sai da na karance shi tas kafin in yaga, kuma labarin matar nan mai dakau ya sa ni hawaye. Allah ya ba ki baiwa, tun ranar na sani.

Don haka ba cewa nake ki ajiye alƙalami ba. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta an aurar da ita tana ƙarama, ta rubuta kukan matan aure yadda yake, an yi surutu, amma sunanta na gaskiya ne a bango, har aka fassara littafinta zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Tun 2016 BBC Hausa take gasar Hikayata domin mata, ana karanta labaran a rediyo da sunan masu su. Ki rubuta irin wanda zan tara maƙwabta mu saurara in ce tawa ce. Cin amana da kishi da talauci duk ki faɗe su, ba sai kin buɗe labulen ɗakin mutane ba.

Ki cire lambarki yau, ki dakatar da labarin, waɗanda suka biya ki mayar musu da kuɗinsu, in bai kai ba ni zan cika. Babanki bai sani ba, Goggonki kuma ta yi mini alkawari.

In za ki taho, ki duba kantin littattafai ki samo wa Auta sabon littafin yara na Hausa mai hotuna, Turanci kawai yake iya karantawa. Babanki kuma tarihin Shehu Usmanu yake nema, mai manyan baƙaƙe saboda idonsa. Na ba direba yaji da ƙuli-ƙuli, ki raba da 'yan ɗakinku. Ki kira ni ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin ba kowa a gida.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki